A Ba Masu Wasan Mota Fili, A Bar Mana Titi



Duk wanda ya tashi a wannan tsallaken kogi, ko a Kakuri ne, ko Barnawa, ko Narayi, ko Sabon Tasha, ya san ƙarar tun kafin ya ga motar. Ranar kai amarya, ko washegarin Sallah, ko lokacin Kirsimeti, sai a ji taya na kuka a kan kwalta, hayaƙi ya turnuƙe, warin roba ya cika hanci. Wani saurayi ne ya sami mota yake juya ta a tsakiyar titi, abokansa sun zuro rabin jikinsu ta taga suna ihu, yara na bin su a guje. Manya suna tir da abin. Mu kuwa yara, in dai gaskiya za a faɗa, da yawanmu yana burge mu. A gaban malam kowa likita zai zama ko soja ko lauya, amma da an fita tara, hirar maza ita ce wa ya fi wani iya juya mota a unguwarsu.

Ra'ayinmu a wannan allo shi ne, son gudu da mota ba laifi ba ne, a wasu ƙasashen ma sana'a ce da ake ci da iyali da ita. Amma ba a kan titin da muke bi mu zo makaranta ake koyon ta ba. Domin a ga bambancin, mun nemo tarihin wani mutum da ya yi wannan sana'a, ya fara ta daga ƙaramin filin garinsu.

Sunansa Wendell Scott. An haife shi a 1921 a garin Danville da ke jihar Virginia a Amurka. Baƙar fata ne, a zamanin da dokar kudancin Amurka ta raba baƙaƙen fata da fararen fata a makaranta, a cikin bas, har a wurin shan ruwa. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike, a wurinsa ya fara riƙe sifana. Ya tuƙa tasi, ya yi soja a yaƙin duniya na biyu yana gyaran motoci, da ya dawo gida ya buɗe gareji. Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye ba: ya yi fasa-ƙwaurin barasa da dare, yana gudu 'yan sanda na bin sa, har suka kama shi a 1949. Wannan ba abin koyi ba ne. Mun faɗa ne saboda da yawa daga direbobin farko na irin wannan tsere ta nan suka fito, wato daga gudun ganganci a kan hanyar jama'a.

Irin tseren da ya shiga shi ne na motocin kasuwa. A farkonsa, mota ce irin wadda kowa zai saya ya hau, sai a cire mata kayan da ba a buƙata, a ƙara wa injinta ƙarfi, a shiga wani fili mai siffar ƙwai a yi ta zagaye. Yawancin ƙananan filayen ƙasa ce ba kwalta ba, kuma zagaye ɗaya bai kai kilomita guda ba. A 1948 wani mutum mai suna Bill France ya jagoranci kafa ƙungiyar NASCAR a Daytona da ke jihar Fulorida, domin a sa wa abin doka, a kuma tabbatar an biya wanda ya ci.

A 1952 masu filin Danville suka so su sa baƙar fata a tsere don su jawo 'yan kallo. Ana ba da labari cewa 'yan sanda suka je suka tambaya wane ne ya fi gudu a garin, 'yan sanda kuwa suka ce Scott, tunda su suka sha ƙurarsa. Daga wannan shekara har zuwa 1960 yana yawo daga wannan ƙaramin fili zuwa wancan, wasu wuraren su karɓe shi, wasu su mayar da shi daga bakin ƙofa saboda launin fatarsa. A 1959 ya zama zakaran jihar Virginia a ajin da yake. Sai a 1961 ya hau babban aji, yana da shekara kusan 40.

Ba shi da babban kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa kamar manyan direbobi. Tsofaffin motoci yake saye ya gyara da hannunsa a garejinsa. 'Ya'yansa maza su ne masu sauya masa taya da zuba mai a tsakiyar tsere, wani lokaci ma shi da kansa yake fitowa ya taya su. Ranar 1 ga Disamba 1963, a garin Jacksonville, aka yi tseren zagaye 200. Scott ne ya ci, amma aka ɗaga wa wani farar fata mai suna Buck Baker tuta, aka miƙa masa kofi. Sai bayan awoyi, da aka sake duba takardun ƙirga, aka amsa cewa Scott ya riga kowa da zagaye biyu. Kafin nan 'yan kallo sun watse, kofi ma ya tafi. Kuɗin kawai aka ba shi. Iyalinsa ba su karɓi kofi daga hannun NASCAR ba sai a 2021, kusan shekara 58 bayan tseren, shi kuwa ya rasu tun 1990.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a kulob shi ne lissafin. A babban aji ya yi tsere 495. Sau ɗaya ya zo na farko. Sau 147 ya shiga cikin goma na farko, da motocin da wasu suka gama yayinsu. A 1973 ya ci bashi ya sayi mota mai kyau, ya shiga tsere a filin Talladega, aka yi mummunan karo na motoci da yawa, motar ta lalace, shi ya ji raunukan da suka kawo ƙarshen sana'arsa. A 2015 ƙungiyar da ta taɓa mayar da shi daga bakin ƙofa ta sa sunansa a zauren gwarazanta.

To yanzu a ɗora wannan mutum a gefe ɗaya, a ɗora mai wasan motar unguwarmu a ɗaya gefen. Scott ya fi daɗewa a ƙarƙashin mota fiye da kan kujerarta. In ya ji sautin inji ya sauya, ya san abin da ke damun sa. In ya ƙona taya, shi zai nemo kuɗin wata, don haka ba ya ƙona ta a banza. Na unguwarmu kuwa sau da yawa motar babansa ce ko ta yayansa, ko an aike shi wanki da ita ne. A ce ya sauya fulogi, sai ya tsaya yana kallon ka. Ya cinye taya da kuloci a yamma ɗaya, gobe wani ya biya. Abin da ya iya shi ne taka totur da jan birkin hannu, kuma wannan ko ɗan aji ɗaya aka nuna wa sau biyu zai yi.

Babban bambancin ma yana wajen kariya. A motar tsere ana walda keji na bututun ƙarfe a ciki, yadda ko ta kife rufin ba zai danne direba ba. Direba na ɗaure da bel mai igiyoyi da yawa, da hular kwano, da rigar da ba ta saurin kama wuta. Tsakaninsa da 'yan kallo akwai katanga da waya. Kowace mota ɓangare ɗaya ta dosa. Akwai masu tuta: kore a tashi, rawaya a rage gudu don akwai haɗari a gaba, ja kowa ya tsaya. Motar asibiti da ta kashe gobara na gefe tun kafin a fara. Babu akuya a filin, babu mai keke, babu yarinya da farantin gyaɗa a kai. Duk da haka ana mutuwa. Dale Earnhardt, wanda ya zama zakaran NASCAR sau bakwai, ya mutu a watan Fabrairu 2001 a zagayen ƙarshe na babban tseren Daytona, bayan motarsa ta daki katanga. Bayan rasuwarsa ne aka tilasta wa direbobi sa wani abin da ke riƙe kai da wuya. In gwani irin wannan, cikin keji da hula da bel, bai tsira ba, ina ga wanda ya zauna a kan taga da silifas?

Ga wani lissafi da duk ɗan aji biyu zai iya yi a bayan littafinsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 100,000 a daƙiƙa 3,600. A raba, za a sami kusan mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. Wato tsawon filin ƙwallo ba ya kai ta daƙiƙa huɗu. In yaro ya fito daga lungu, direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, ya riga ya wuce mita 28 bai rage komai ba. Kuma in aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke ja kafin ta tsaya ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta ce a cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa, ta kuma ce ba a ba da lasin sai an cika shekara 18. Ba mugunta ce ta sa aka yanka waɗannan lambobi ba.

A zangon da ya wuce, kujerar wani ɗan ajinmu ta yi kusan wata biyu babu kowa a kai. Ba shi ke tuƙi ba, ba ya ma cikin motar. Kallo ya tsaya yi a bakin hanya ranar wani biki, motar ta ƙwace wa mai ita ta yo gefe. Ya dawo da sanda, jarrabawa kuma ta wuce shi. Shi ne mai tsaron gidan ajinmu a ƙwallo, har yau bai koma raga ba. Wanda ya buge shi an ce ya ba da haƙuri, manya sun zauna sun sasanta. Bayan mako uku muka sake jin ƙarar taya a wannan hanyar.

Wani zai ce to a hana kawai mana, a kama su, magana ta ƙare. Mun yarda a kama duk wanda ya yi a titi. Amma mun ga kamun kaɗai bai kashe abin ba, sai dai ya koma wata unguwa ko ya koma dare. Kakanninmu sun san maganin irin wannan tun kafin mota ta zo. Samari suna son sukuwa, ba a hana su doki ba, sai aka ba sukuwa ranarta da wurinta. A hawan Sallah dogarai ke buɗe hanya, 'yan kallo su ja baya, sannan a saki linzami. Babu mai hankalin da zai saki doki a tsakiyar kasuwar Kakuri ya ce gwaninta yake nunawa. A nan Kaduna masu dawaki suna da Dandalin Murtala da filin folo, masu ƙwallo suna da filin wasa na Ahmadu Bello. Masu son gudun mota a unguwanninmu, daga Makera har Gonin Gora, filinsu shi ne hanyarmu ta zuwa makaranta.

Abin ya fi ba mu mamaki in muka tuna wane gari ne wannan. A nan Kakuri aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975, waɗanda kowa ke kira Fijo, har akwai mahaɗar hanya da ke amsa sunan kamfanin. Kusan shekara 30 ana haɗa 504 a nan, motar da ta yi wa gwamnati aiki, ta yi tasha, ta kai amare. A wannan shekara ta 1975 ɗin, wani ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da 504, ko da yake ba wadda aka haɗa a nan ba ce. A wancan zamani Safari tsere ne na dubban kilomita a cikin daji da taɓo da ƙura, ba zagayen fili ba, kuma ana sa shi cikin mafi wahala a duniya. A 1978 Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya sake cin ta da wani samfurin 504. Tun kafin su, a 1965, ɗan Kenya Joginder Singh ya ci wannan gasa da tsohuwar Volvo da shi da ɗan'uwansa suka gyara da hannunsu, wato dai irin labarin Scott. Yawancin masaƙun Kakuri sun rufe, amma aikin mota bai bar Kaduna ba: a 2022 sabon kamfanin Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a kan hanyar Abuja. Ga kuma kanikawa a kowane lungu na hanyar Kachia, ga masu walda da ƙira na Panteka a ƙetaren kogi, waɗanda in aka nuna musu hoton keji sau ɗaya za su ƙera shi. Masu hannu suna nan, fili da doka ne babu.

Da muka tattauna wannan a kulob ba duka muka yarda ba, kuma ya kamata a ji ta bakin waɗanda suka ƙi. Wata yayarmu ta aji uku ta ce, a makarantar da wasu ke zama uku uku a benci ɗaya, kunya ce a roƙi gwamnati filin tseren mota. Ta ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 wasu malamanmu ma sun ajiye ababen hawansu, mu kuma muna maganar ƙona mai don nishaɗi. Maganarta tana da nauyi, kuma in aka ce mu zaɓa tsakanin benci da filin tsere, benci za mu ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ba Daytona muke nema ba. Yawancin filayen da Scott ya yi shekara tara a cikinsu ƙasa ce da shinge. Fili a bayan gari, nesa da gidaje, a kewaye shi, a jera tsofaffin tayoyi, a ware wurin 'yan kallo. Mai son shiga ya biya, ya kawo lasin, a duba motarsa, ya sa hula da bel, jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA su tsaya a kai. Kuɗin shiga ya biya motar asibiti. Mai kuɗin ƙona taya ba zai rasa na tikiti ba. Wanda kuma aka kama yana yi a titi, bayan hukuncin doka a hana shi filin.

Wani kuma ya ce ba da fili zai ƙara koya wa yara abin. Ai sun riga sun koya, a waya suke gani kullum, abin da ba a nuna musu a wayar shi ne keji da katanga da motar asibiti. Mun dai yarda akwai waɗanda ko an ba su fili ba za su je ba, don ba tsere ne ya dame su ba, so suke 'yan matan biki su gan su. Waɗannan sai doka, sai kuma iyayen da ke ajiye makulli a kan tebur su fita.

Mu ma muna da namu kason. Wasan mota da 'yan kallo yake rayuwa. Babu mai juya mota a titin da ba kowa. Ihunmu da tafinmu da wayoyin yayyenmu su ne man da ya fi fetur tura shi. Mu da ke rugawa mu yi da'ira mu ne kuma katangar da motar za ta daka in ta ƙwace.

Ga makarantarmu kuma, roƙonmu ƙarami ne. A darasin Fasaha mun haddace yadda inji ke aiki a mataki huɗu: ya shaƙi mai da iska, ya matse, wuta ta kama, ya fitar da hayaƙi. Mun zana shi a littafi, an ba mu maki, amma yawancinmu ba mu taɓa riƙe fistin a hannu ba. A gida kuma in yaro ya faɗi jarrabawa sai a ce za a kai shi gareji, kamar gareji gidan horo ne. Alhali motar tsere ta yau injiniyoyi ne ke zaune da kwamfuta suna auna zafin taya da shan mai, wanda bai iya lissafi ba ko kusa da ita ba zai je ba. Kada kuma a ce zancen maza ne. Bafaranshiya Michèle Mouton ta ci gasar Sanremo ta Italiya a 1981, ta zo ta biyu a duniya a 1982, duk a gaban maza. A nan Najeriya ma Sandra Aguebor ta zama bakanikiya, ta kafa ƙungiyar da ke koya wa mata gyaran mota.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamin Fasaha su taimaka a samo mana mataccen inji ɗaya, ko na babur ne ko na janareto, mu kwance shi mu mayar. A cikin iyayenmu akwai kanikawa, a gayyato ɗaya ya zo da sifanunsa ranar kulob. A kuma rubuta wa kamfanin mota takarda ko za su bari mu je mu ga yadda ake haɗawa, tunda wasunmu da ƙafa ma za su isa Kakuri. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk mai son shiga, mace ko namiji, ya rubuta sunansa da ajinsa kafin tashi ranar Juma'a, ranar Litinin za mu kai ta ofis. Wanda ya san inda wani tsohon inji yake kwance a gidansu, ya tambayi izini tukuna kafin ya rubuta.